Kimiyyar da Na Koya a Makare

A gidanmu na Kebbe babu wanda ya taɓa tambayata abin da nake so in zama, ni ma ban taɓa tambayar kaina ba. Baba malami ne. Yana ba da karatu a zaure tun hantsi har azahar, shi ake kira kuma idan za a raba gado a unguwa. Mun tashi muna jin muryar ɗalibansa ta bayan katanga, manyan mutane, wasu har da furfura, suna jan baƙi yana fassara musu. Kafin in shiga sakandare na haddace baitoci masu yawa da ban san ma'anarsu ba, don kawai sun ratsa kunnena sau ɗari ina shara ko ina wanke-wanke.

Ranar da aka raba mu aji-aji a babbar sakandare, wani malami ya shigo da takarda a hannu, ya ce masu son kimiyya su koma layin dama, sauran su zauna inda suke. Ƙawata ta raɗa mini cewa 'yan ajin kimiyya ko fita tara, wato hutun cin abinci, ba sa samun yi. Na zauna inda nake. Abin bai kai minti biyar ba. Na yi Larabci da addini da Hausa da tarihi, na ci su da kyau, na wuce kwalejin horon malamai, na yi aure a Tambuwal, aka ba ni aji a wata firamare ina koyar da Larabci. Maigidana ma'aikaci ne a sashen gona na ƙaramar hukuma. Muna da yara biyu, mace da namiji. Ban rasa komai ba, kuma da haka rayuwar ta ci gaba har yau, ba na jin zan ce an cuce ni.

Ina da shekara ashirin da tara Inna ta kwanta. Zazzaɓi ne ya ƙi sauka, aka kawo ta asibitin Tambuwal, ni da nake gari na zama mai jinya. Kwana goma sha ɗaya muka yi. A ɗakin mata nas ɗaya ce ke zuwa da safe, wata doguwa mai saurin tafiya, ba ta zama ko na shan ruwa. Gadon da ke kusa da na Inna wata tsohuwa ce daga wajen Fakku, an kawo ta a kan zazzaɓi ita ma. Kwana biyu ina jin wani wari daga wajenta, ina ganin tana riƙe zane a ƙirji ko da tana barci. A rana ta uku, da 'yarta ta fita sayen koko, na matsa na ce, "Inna, mi ka damunki nan?"

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sassauta zanen. Gyambo ne a ƙarƙashin nononta, ya yi watanni. Ta ce likitan da ya duba ta namiji ne, sa'an jikanta, ba ta iya buɗe masa ba.

Na je na faɗa wa nas ɗin. Ta zo da tire, ta duba hagu da dama ba wanda zai riƙe mata, ta miƙo mini safar hannu ta ce, "Sa." Na sa. Na riƙe tiren, na riƙe hannun tsohuwar, ina yi mata hira a kan shanunsu ana wanke ciwon. Ban kau da kai ba, kuma na yi mamakin kaina. Kullum da safe haka muka riƙa yi har aka sallame mu. Ranar ƙarshe nas ɗin tana cire safa ta ce mini ina da hannun aikin nan, ta tambaye ni abin da na karanta. Na ce Larabci. Ta ce, "Kash," ta ɗauki tirenta ta yi gaba.

Na koma gida da wannan kalma. Ban gaya wa kowa ba sai da na yi wajen wata biyu ina juya ta. Da na bincika, aka ce makarantar koyon aikin jinya ba ta ko duba takardar wanda bai ci bayoloji da kemistiri da fizis ba, ga Turanci da lissafi, bayan haka kuma akwai jarrabawar shiga tata daban. Turancina ya isa. Lissafi kuwa da ƙyar na tsallake shi a sakandare, makin bai kai wanda suke so ba. Sauran ukun ko sunan babinsu na farko ban sani ba. Hanya ɗaya ce, in sake zama jarrabawar kammala sakandare a matsayin 'yar waje, da darussan da ban taɓa shiga ajinsu ba.

Na gaya wa maigidana wata ranar Juma'a bayan ya dawo masallaci yana cin abinci. Mutum ne mai jinkirin magana. Ya gama, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Aikin naki fa?"

Na ce ba zan bari ba sai na ga na samu.

"To, gwada," ya ce. "In kin ci, mu ga yadda za a yi da yara. In ba ki ci ba, karatu dai kin ƙaru."

Bayan kwana uku ya dawo da littattafai huɗu ɗaure a bayan babur, ya karɓo su wajen ɗan wani abokin aikinsa da ya gama makaranta. Na bayoloji ba shi da bango, an zana wa ƙwarangwal ɗin da ke ciki hula da gemu.

Na fara da abin da na iya, wato hadda. Bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, sai in zauna a tabarma in ɗauki shafi guda in yi ta maimaitawa ina rangaji, kamar yadda muka saba. Sunayen sinadarai ashirin na farko na jera su a kan karin wasu baitocin nahawu da na sani tun ina yarinya, suka zauna daram. Cikin wata uku na haddace kusan rabin littafin bayoloji. Idan aka ce mini shafi na kaza, zan iya faɗin abin da ke samansa da ƙasansa. Na fara jin cewa abin da ake ta tsoratar da mutane da shi bai kai yadda ake faɗa ba.

A bayan gidanmu akwai wata mata 'yar Zuru da ke haya, tana koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata. Kowa Madam yake ce mata. Kirista ce, ta girme ni da kamar shekara goma sha biyar, mijinta na aiki a wani gari, ita kaɗai take zaune da ƙaramar rediyonta. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wata Asabar ta leƙo neman wadda za ta yi mata kitso, don mai yi mata ta haihu, ta tarar da ni da littafin a cinya. Ta tambaya, na gaya mata. Har da ɗan alfahari na miƙa mata littafin na ce ta buɗe duk inda ta ga dama.

Ta buɗe babin jini. Na karanto mata shi tun daga farko, ban yi tuntuɓe ba. Ta rufe littafin ta ɗora a gefe.

"Malama," ta ce, "an kawo miki mace ta haihu, ta zubar da jini da yawa. Kin taɓa hannunta kin ji zuciyarta na bugawa da sauri. Me ya sa?"

Na shiga laluben shafin da aka rubuta haka. Babu shi. Na sake karanto mata ma'anar bugun zuciya da Turanci. Ta ce ta ji, amma me ya sa yake sauri? Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina 'yar aji uku.

"Duk abin da ake bukata kin faɗe shi yanzu da bakinki," ta ce. "Kin ajiye shi ne kawai ba ki buɗe ba. Zo ki yi mini kitson, mu yi magana."

Haka muka soma. Duk Asabar da hantsi tana zuwa ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafuna, ina tsaga ina kitsa, tana jefo mini tambaya ba tare da ta ga fuskata ba. Ina jin hakan ya taimake ni, don na fi iya faɗin shirme ga ƙeyar mutum. Kitson da zai yi sati uku sai ta tsefe shi a sati ɗaya. Ta hana ni cewa "littafi ya ce". Idan na ba da amsa da Turanci sai ta ce in maimaita da Hausa, yadda Innata za ta gane. Nan ne asirina ke tonuwa. Abin da na fahimta yana fitowa da Hausa cikin sauƙi, abin da na haddace kawai sai ya maƙale.

Ba kullum muke rabuwa da daɗi ba. Tana da faɗa, ni kuma malama ce, na saba ni ke tambaya. Akwai ranar da ta ce mini kaina kamar rumbu ne, ana zubawa ba a ɗiba. Na ja gashinta fiye da yadda ya kamata. Ta ce, "Ja dai, amsar ba ta canza ba."

Da Babbar Sallah ta zo na gayyace ta cin nama. Ta zo tun ana fiɗa. Mahaucin da ke yi mana aiki duk shekara, wani dattijo mai ƙarfin hannu, ya buɗe cikin ragon zai fara rarraba kayan ciki, sai Madam ta ce ya dakata. Ta roƙe shi ya ciro zuciya da huhu da maƙogwaro a haɗe, kada ya yanke komai. Ya dubi maigidana, maigidana ya ɗaga masa kai. Aka sa su a faranti. Ta cire ƙoƙon biro ta zura bututun a maƙogwaron, ta ɗaure da zare, ta hura. Huhun nan da yake a yamutse ya tashi, ya kumbura, ya yi fari-fari da ja-ja, ta saki ya koma. Yarana suka ja da baya. Ni kuwa na durƙusa.

Ta karɓi wuƙa ta tsaga zuciyar ta miƙo mini. Ɗakuna huɗun da na haddace suna nan, amma ba su yi kama da zanen littafi ba ko kaɗan, babu ja da shuɗi, babu kibiya. Ta sa na zura yatsa ta wata jijiya har ya fito a wani ɗaki. Ta ce in taɓa bangon hagu in taɓa na dama.

Mahaucin ya leƙo ya ce, "Wanga gefen kullum ya fi kauri. Shekara talatin nika yankan ta, haka take ga rago, haka take ga sa."

Madam ta ce, "Malama, gaya masa dalili."

Na tsaya da zuciyar a hannuna, jini na bin gwiwar hannuna. Na dama huhu kawai yake tura wa jini, ga huhun nan kusa, maƙwabcinsa ne. Na hagu kuwa sai ya tura har ƙafa, har ƙaho. Wanda ya fi aiki shi ya fi nama, kamar damtsen mai daka. Na faɗa masa haka. Ya jinjina kai ya ce, "Ikon Allah. Ashe dalili gare ta." Sannan ya ce in an gama karatu a ba shi kayansa, rana na yi.

A ƙarshen shekarar na zauna jarrabawar. Sakamako ya fito da zafin bazara. Maigidana ya buɗe shi a wayarsa, ya daɗe yana kallo kafin ya miƙo mini. Na ci bayoloji da kyau. Kemistiri, fizis da lissafi duk na faɗi, lissafin ma ya fi na sakandare muni.

Ban yi kuka ba, amma na kwashe littattafan na sa a ƙarƙashin gado. A makarantarmu labari ya riga ya bazu tun ina shiri, abokan aiki suna ce mini "likita" idan na shigo ofis. Da wasa suke yi, na sani, wasu ma da ƙauna. Bayan sakamakon sai suka daina, kuma dainawar ta fi yi mini ciwo. Madam ta zo Asabar biyu na ce kaina na ciwo. A ta uku ta zauna na yi mata kitson, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Da za ta tafi ta ce matsalata guda ce, ba uku ba. Kemistiri da fizis duk lissafi ne ya kayar da ni a cikinsu, da na ga lamba a saman lamba da layi a tsakani sai hankalina ya tashi. Na ce to ai shi ke nan, an haife ni ba da kan lissafi ba. Ta ce ita ba ta taɓa karɓar haihuwa ba, ba ta sani ba.

Da damina ta yi nisa aka yi hutu, na kwashi yara muka tafi Kebbe. Hanyar ta lalace, mota ta sauke mu a rabi, muka ƙarasa a kan baburan kabu-kabu biyu, ruwan kwari na taɓa mana ƙafa. Gero ya yi tsawo har ya rufe gari. Na tarar da Inna ta murmure tana ta faɗa da kaji.

Baba bai taɓa yi mini maganar karatun nan ba. Ya san ina yi, Inna ta gaya masa, bai hana ba, bai kuma tambaya ba. Ni na ɗauka bai so ne. Kwana biyu da zuwana, bayan la'asar, na kai masa fura a zaure ɗalibai sun watse. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, an ce kin aje littattafan."

Na ce e. Na ce lissafi ya fi ƙarfina.

Ya sha furar, ya goge gemu. Sai ya ce, kamar mai sauya magana, jiya an zo masa da wata mas'ala. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da ɗa namiji guda. "Matar mi taka samu?"

Na ce sumuni, tunda akwai ɗa.

"Uwar fa?"

"Sudusi."

"Daga nawa za a raba?"

Ban yi tunani ba na ce ashirin da huɗu. Matar uku, uwar huɗu, sha bakwai na ɗan. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake jin ana wannan a zauren nan, wani lokaci ma ni ke riƙe masa takarda idan idonsa ya gaji.

"To, ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida, in anka haɗa su, nawa ke nan?"

Na buɗe baki in ce ban sani ba. Sai na tsaya. Uku da huɗu, bakwai. Bakwai cikin ashirin da huɗu. Abin da na yi shekara guda ina gudu a littafin boko, wanda Madam ta yi ta fama in nemo lambar da za ta shiga duka biyun, shi ne asalin mas'ala da nake fitarwa ido rufe.

Baba ya miƙo mini kwanon. "Wadda taka raba gado ba ta cewa ba ta iya lissafi," ya ce. "Tufafi ɗai anka sake mishi, kika kasa gane shi." Sannan ya ƙara da cewa shi bai yi mini magana ba ne don bai san komai a wannan fanni ba, kuma bai saba magana a kan abin da bai sani ba. Amma matan garin nan suna bukatar mace a asibiti, wannan kam ya sani, don shi ake kira sallar gawa.

Ba zan ce daga ranar lissafi ya zama mini ruwan sha ba. Baba ya buɗe mini ƙofa guda ce, sauran ɗakunan da kaina na yi ta karo da bango a cikinsu. Abin da ya sauya shi ne tsoron. Na daina ganin lambobin a matsayin wani yare na mutanen da aka halitta daban. Sauran kwanakin hutun, kullum bayan la'asar sai ya ba ni mas'ala biyu ko uku, in warware su yadda ya koya mini, sannan in sake rubuta su da lambobin boko. Wata rana na nuna masa yadda ake nemo abin da ba a sani ba ta hanyar sa masa harafi, wato aljabara. Ya sa tabarau ya duba da kyau, ya ce ai wannan dabarar tamu ce, sunanta ma na Larabci ne. Ya ji daɗin abin har ya gaya wa ɗalibansa washegari.

Na dawo Tambuwal na jawo littattafan daga ƙarƙashin gado. Da Asabar ta zo, Madam ta zauna ta kwance ɗankwali. A wannan shekarar ta nemi izini ta riƙa shiga da ni ɗakin gwaje-gwaje na makarantarsu idan an tashi. Kayan ba su da yawa, wasu kwalaben ma babu komai ciki. A nan na fara ɗiga ruwa cikin ruwa, ɗigo bayan ɗigo, ina jira, har ɗigo guda ya juya launin kwalbar gaba ɗaya. Sau shida ina zarcewa kafin hannuna ya koyi tsayawa. Fizis kuwa har yau ba mu zama aminai ba. Na koye shi ne kamar yadda ake zama da maƙwabcin da ba a so ba a ƙi, a gaisa a wuce. Guga da igiyar rijiyar gidanmu sun sha bayani a wannan shekarar, haka ma tabaryar da nake ɗaga murfin rijiyar da ita.

Akwai abin da na rasa a wannan tsakani, kuma bai kamata in ɓoye ba. Bukukuwa da yawa ban je ba, har wata 'yar uwata ta yi fushi da ni na tsawon watanni. 'Yata ta shiga aji ɗaya ban zauna na koya mata karatu yadda na yi niyya ba, ubanta ne ya riƙa yi, da haƙurinsa da rashin iya waƙar baƙaƙe. Wata rana na ji ta tana gaya wa ƙawarta cewa mamarta ma 'yar makaranta ce, amma ita ba ta cin jarrabawa. Na yi dariya a lokacin. Daga baya na shiga ɗaki na ɗan zauna.

Karo na biyu na ci duka ukun, na kuma sake cin bayoloji. Fizis da ƙyar, a bakin layi, amma ya shiga.

Saura jarrabawar shiga, wadda aka ce a kwamfuta ake yi. Ni kuwa ban taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Na yi sati uku ina zuwa wani shago kusa da tasha bayan an tashi makaranta, mai shagon ya zuba mini tsofaffin tambayoyi ina dannawa. Da farko kibiyar gudu take yi ta bar ni, in nufi amsa ta biyu in danna ta huɗu. Ga agogo a saman allon yana cin lokaci a gabana. Madam ta ce in na ga tambayar da ta fi ƙarfina in wuce ta, kada in tsaya gaisawa.

Ranar jarrabawar muka kama motar farko zuwa Sakkwato ni da maigidana. Harabar makarantar cike take da 'yan mata, yawancinsu ba su wuce sha takwas ba, suna riƙe da takardu suna ta bita da ƙarfi. Na samu gindin wata bishiya na zauna. Wata yarinya ta matso ta gaishe ni da ladabi ta ce, "Mama, ɗiyarku ta shiga ne?" Na nuna mata katina. Ta rufe baki da hijabi, ta ba ni haƙuri, sannan ta zauna kusa da ni. Ta ce ita ta yi kimiyya shekara uku amma yanzu komai ya gudu daga kanta, ko hanyar da jini ke bi ta manta. Na karɓi bironta na zana mata zuciya a tafin hannuna, na ce ta ɗauka ragon Sallah ne. Muna cikin haka aka kira layinmu. Na goge hannun da yawu da gefen zane kafin a ce na shigo da satar amsa.

A ciki ban ji tsoron da na zata ba. Tambayoyi huɗu ko biyar na fizis na wuce su ban ko gaishe su ba. Da na koma kansu lokaci ya kusa ƙarewa, na yi bisimilla na zaɓa. Na fito ban san ko na ci ko ban ci ba. Maigidana na zaune a inda na bar shi, ya sayo mini ruwa da gyaɗa. Bai tambaye ni komai ba sai da muka wuce Bodinga.

Sunana bai fito a jerin farko ba. Ya fito a na biyu, bayan sati uku, na uku daga ƙasa. Aka kira mu ganawa, wata babbar malamar jinya ta duba takarduna biyu, tsohuwa da sabuwa, ta tambaye ni abin da ya sa malamar Larabci ke son ɗaukar fo na bayan gidan marasa lafiya. Na gaya mata gaskiya, ban ƙawata ba. Ta rubuta wani abu, ta ce karatun da ke gaba ya fi wanda na baro wuya, kuma ba za a rage mini komai don ina da yara ba. Na ce ban zo neman ragi ba. Yarinyar nan ta gindin bishiya ban sake ganinta ba, na duba a ranar ganawar, na kuma duba bayan an fara karatu. Ban san sunanta ba balle in nema a jerin.

Aka ba mu takardar abubuwan da za mu zo da su, ciki har da farin kaya kala biyu da zanen yadda za a ɗinka. Ƙanwar maigidana ta yarda za ta dawo gidanmu saboda yara, ni kuma in riƙa zuwa duk ƙarshen mako. Na kai yadin wajen telan da ke yi mana ɗinkin Sallah, wani mai surutu a bakin kasuwa. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce bai taɓa ɗinka irin wannan ba sai na 'yan makaranta. Matarsa ta auna ni a cikin gida ta kawo masa awon. Ya duba zanen ya ce ba a nuna aljihu sosai ba, guda nawa nake so, kuma me ake sawa a ciki?

Na ce wallahi ban sani ba tukuna.

Ya saƙala alli a bayan kunne ya ce to zai yi guda biyu, masu zurfi, in dawo ranar Laraba.